Warin da Na Fara Ji

Ni na fara jin warin, domin tabarma ɗaya muke kwana da ita. Tun da Inna ta yi kwanika aka yaye ƙanwata tana da wata 14, sai ta dawo hannuna. Ni ce goyo, ni ce wanka, ni ce ba da kunu. A daminar 2015 ina da shekara 15, ita kuma tana gab da cika uku, kuma duk ƙauyenmu da ke gabashin jihar Sakkwato babu wanda ya san jikin yarinyar nan kamar ni.

Damina ce mai wuya a gidanmu. Rumbu ya ƙare tun gero bai fitar da kai ba. Baba yana zuwa ƙwadago gonar mutane da safe, ya shiga tasa da yamma. Tuwo sau ɗaya ne, da dare, da safe ɗumame in an yi sa'a ya yi saura, da rana kunu mai ruwa-ruwa. Ana cikin haka ƙyanda ta shigo unguwa. Ba a taɓa kai ƙanwata rigakafinta ba. Asibitin sha-ka-tafi yana da nisa, Inna daga ciki sai jego, kullum ana cewa sai mako mai zuwa. Ta sha jiki sosai, ƙurajen suka bushe, muka ce alhamdu lillahi. Amma ba ta koma yadda take ba. Ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya yi ja ya yi laushi, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. In na miƙa mata ludayi sai ta kawar da kai.

Wani dare ta juyo ta cusa fuskarta a wuyana kamar yadda ta saba, sai na farka. Na san warin bakin mai barci, na san na mai zazzaɓi, wannan daban yake. Duk wanda ya taɓa buɗe kwanon da aka manta da nama a ciki kwana biyu lokacin bazara ya san abin da nake nufi. Da gari ya waye na ɗauko tocilan ɗin Baba, na lallashe ta ta buɗe baki. Dasashinta na ƙasa ta hagu ya yi jawur ya kumbura, tsakanin haƙora kuma akwai wani abu toka-toka kamar an shafa. Na taɓa wurin da bakin zane, jini ya biyo.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ƙyanda ce, haka take barin baki. Kuma kada in ji kin yi maganar wari a gaban mutane, 'ya mace ce." Kaka ta daka bagaruwa ta tankaɗe, ana shafa mata safe da yamma. Na ja bakina na yi shiru. An raine mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wace ce ni da zan yi musu da matan da suka haife ni suka raine ni? Wannan shirun har gobe yana cina.

A kwana na biyar kuncinta ya tashi. Kumburin yana da tauri kamar ɗanyen mangwaro, fatar tana sheƙi, yawu yana dalala ya jiƙa mini zane in na goya ta. Kaka ta ce hangum ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo, ta daɗe tana duba yarinyar, ta girgiza kai ta ce, "Wannan ciwon iska ne." Daga nan gida ya cika da hayaƙi. Aka yi turare, aka karɓo rubutu, aka yi tofi. Baba ya ranci kuɗi ya tafi wani kemis a garin da muke cin kasuwa, ya bayyana ciwon da baki, mai shagon ya haɗa masa maganin zazzaɓi na ruwa da allura uku. Bai ga yarinyar ba, balle ya leƙa bakinta. Kwalaben allurar sun daɗe a tagar ɗakin Baba, ƙura ta rufe su. Sai bayan shekaru, ina makaranta, na ɗauki ɗaya na goge na karanta sunan: jentamaisin. Magani ne mai kyau a inda ya dace, amma ba ya iya shiga jikin ƙwayar cuta sai da taimakon iskar oksijin, ƙwayoyin da ke cin kuncin ƙanwata kuwa ba sa hulɗa da ita ko kaɗan.

Kwana na tara, wani baƙin tabo ya bayyana a tsakiyar kumburin, girman ƙwandala. Washegari ya ninka, gefensa ya fita tsaf kamar an zana da wuƙa. Ta daina kuka. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin ni na san yarinyar nan da ƙara.

Allah ya yi da sauran shan ruwanta a duniya. An yi rasuwa a dangi, sai matar ƙanen Baba, wadda unguwarzoma ce a birni, ta zo gaisuwa. Tana shigowa zaure ta tsaya, ta ce wa ke da ciwo a gidan nan. Da aka fito mata da yarinyar ko zama ba ta yi ba. Ta ce wa Baba, "Yaya, wannan ba na gida ba ne. Sakkwato za ku, gobe da asuba. In kuka ƙara kwana biyu, makwancinta za ku kai ta." A daren nan Baba ya sayar da akuyar Inna, araha kamar kyauta.

Babur ya fitar da mu bakin titi, muka samu mota. Inna tana rungume da jariri, ni ina rungume da ƙanwata. Fasinjoji suka yi ta toshe hanci da bakin mayafi da hannun riga, direba ya mayar da mu kujerar baya ya sauke gilashi. Ban ga laifinsu ba. Wata mata dai ta miƙo mini ruwan leda ba tare da ta ce komai ba, kuma ban manta fuskarta ba.

Da aka karanta wa Baba allon da ke ƙofar asibitin, wai Asibitin Yara Masu Cutar Noma, sai ya ce, "Noma kuma? Yarinyar da ko fartanya ba ta taɓa riƙewa ba?" Daga baya aka yi mana bayani cewa sunan bai haɗa komai da gona ba, kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ke ci yana yaɗuwa. An buɗe asibitin a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, MSF, take aiki tare da ma'aikatansa. Ba a karɓi ko sisinmu ba, daga magani har abinci.

Likitan da ya gan mu bai rufe hanci ba. Ya sunkuya, ya haska bakinta, ya taɓa gefen baƙin wurin a hankali. Ya ce, "Malam, yau kwana nawa da fara warin?" Baba ya dubi Inna, Inna ta sunkuyar da kai. Na ce, "Sha ɗaya." Ya juyo ya dube ni. "'Yan mata, ke kika ƙirga?" Na ce e. Ya rubuta, ya ce ciwon ya kai mataki na uku, wato nama ya riga ya mutu, amma da yardar Allah za a tsayar da shi inda ya tsaya. Bai jira sakamakon wani gwaji ba kafin ya ba da umarni. Kafin azahar an sa mata ƙarin ruwa, magunguna suna shiga ta jijiya, an zura mata siririyar roba ta hanci ana ba ta madarar masu tamowa kaɗan-kaɗan. An ɗebi jininta, aka ga maleriya, aka ga ƙarancin jini mai tsanani, aka ƙara mata.

Da yamma ya dawo zagaye, Baba ya tambaye shi, cikin ladabi, ko gaskiya ne ciwon iska ne. Abin da ya ce shi ne ya sauya mini rayuwa. Ya ce, "Malam, ƙwayoyin cutar da ke wannan aiki, iska ce babbar abokiyar gabarsu. A bakin kowa suke, har nawa, a lungun dasashi inda iskar da muke shaƙa ba ta kaiwa. In jiki yana da ƙarfi ba sa iya komai. In yunwa da ƙyanda suka karya garkuwar yaro, sai su samu ƙofa. Suna kashe nama, jini ya daina zuwa wurin, iska ta yanke, su kuma su ƙara samun wurin zama. Warin nan da kuke ji, aikinsu ne." Na zauna a bakin gado ina juya maganar. Mu mun kwashe kusan mako guda muna korar iska da hayaƙi, ashe rashinta ne ya ba ciwon gida.

A kwana na uku a asibiti warin ya ɗauke. Na sa hancina dab da bakinta har sau biyu don in tabbatar, na fita bayan ɗaki na yi kuka. Abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Kullum sista tana wanke wurin, tana cire abin da ya saki, har ranar da baƙin naman ya fita gaba ɗaya ya bar rami. Ta gefen fuskarta kana hango haƙoranta da harshenta. Haƙora biyu suka fita da kansu, daga baya wani ɗan guntun ƙashi ya biyo. In ta sha madara sai ta zubo ta ramin, sai na koyi kwantar da kanta ta ɓangaren dama ina ɗura mata da cokali. Inna ta kasa kallo kwanakin farko. Ranar da yarinyar ta miƙa hannu ta fizge abincin gyaɗan nan na masu tamowa daga hannuna, ranar ce Inna ta fara cin abinci ita ma.

A asibitin nan na yanke wa kaina abin da zan karanta. Na sha faɗi-tashi kafin a bar ni in gama sakandare, amma na gama, na shiga makarantar koyon aikin lafiya, na karanci gwaje-gwaje. A can na san sunayen waɗanda suka ci fuskar ƙanwata, irin su Fusobakteriyam da Firebotela, na kuma gane cewa ba su kaɗai suke aikin ba, taron dangi suke yi da wasu ƙwayoyin na baki. Na gane kuma danginsu yana da faɗi. Suna cike a hanjin kowane mutum lafiyayye, sai afendis ya fashe ko taifot ta huda hanji su zubo cikin ciki su tara mugunya. Su ne sau da yawa a bayan zazzaɓi da ɗoyin da ke biyo bayan doguwar naƙuda ko ɓarin da ba a wanke ba. Akan same su a gyambon ƙafar mai ciwon suga. Suna iya tashi daga ruɓaɓɓen haƙori su kumbura ƙasan haɓa har numfashi ya gagara, ko su gangara huhu su yi ƙurji, mutum ya riƙa tari yana fitar da majina mai ɗoyi. Wasu kuma a ƙasa da kashin dabbobi suke kwance: mai jawo sarƙewar haƙora bayan an taka ƙusa ko an yanke cibiya da reza mara tsabta, da mai ruɓar da nama ya tara iska a ƙarƙashin fata, in ka danna ka ji tana ƙara kamar ana murza leda.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wuyar kama su a ɗakin gwaji. In aka dangwalo mugunya da auduga aka ratso tsakar asibiti da ita, kafin ta iso teburina iska ta kashe yawancinsu. Sai an zuƙo ta da sirinji daga can cikin ƙurjin, a toshe, a kawo da gaggawa, a shuka a cikin wata tukunya ta musamman da ake rufewa ruf a cire mata oksijin, sannan a jira aƙalla kwana biyu, wani lokaci har kusan mako. Ɗakin gwajin da nake aiki ba shi da wannan tukunya, kuma ƙananan asibitoci da yawa haka suke. Saboda haka sau da yawa mugunya za ta zo tana ɗoyi, in shafa a gilashi in rina, in ga ƙwayoyi iri-iri cunkus a madubin ƙara girma, amma abin da na shuka a fili ya ƙi tsirowa. Da ina sabon shiga sai in rubuta "babu abin da ya tsiro" in miƙa. Yanzu sai na ƙara da abin da na gani da abin da hancina ya ji, domin wannan saɓanin shi kansa shaida ne. Nan na fahimci dalilin da ya sa likitan nan bai jira takarda ba. Da ya jira, da ramin ya kai ido.

Maganin da ya kashe warin a kwana uku kuwa, kowa ya san shi. Metronidazol ne, wanda muke kira Flagyl, wanda ake saya a tire a sha don gudawa. Yadda yake aiki abin al'ajabi ne: yana shiga jiki kamar ba shi da dafi, sai ya faɗa cikin ƙwayar da ke rayuwa babu oksijin, ita da kanta za ta kunna shi ya hallaka ta. A Faransa aka ƙirƙiro shi don wani ciwon sanyi na mata, sai a 1962 wani likitan haƙori a Ingila ya lura cewa wata mata da ke shansa don wancan ciwon, gyambon dasashinta ma ya warke. Ana haɗa shi da amoksisilin ko danginsa saboda sauran ƙwayoyin da shi ba ya taɓawa. Raina yana ɓaci in na ga ana haɗiyarsa kamar gyaɗa kan kowane ciwon ciki, domin ranar da za a neme shi da gaske tana nan. Kuma shi kaɗai ba ya isa in abu ya yi nisa. Magani a jini yake tafiya, mataccen nama da tarin mugunya kuwa jini ba ya shigarsu. Dole a fasa a matse, dole a yanke abin da ya mutu, in hanji ne a ɗinke, in yunwa ce a ciyar.

Ramin ƙanwata ya tsuke da kansa cikin watanni, amma tabon ya ja, ya ɗaure mata muƙamuƙi har yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin haƙoranta. Aka koya mini jera 'yan sandunan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ina cusa mata a gefen baki, ina ƙara ɗaya in wuri ya samu. Tana kuka tana cewa, "Yaya, ya isa," ni ma ina kuka, amma ban fasa ba ko rana ɗaya. Sai da ta haura shekara da warkewa, ta yi ƙiba, sannan aka yi mata tiyata ta farko lokacin da ayarin likitocin gyaran fuska suka zo. Suka saki tabon, suka ɗauko fata daga ƙirjinta suka rufe kuncin. An sake yi mata ta biyu daga baya.

A zuwanmu na tiyata na ga abin da ban san akwai shi ba: manyan mata da magidanta da suka yi shekara ashirin, talatin, da rami a fuska, suna cin abinci a ɓoye, wasu ba su taɓa shiga makaranta ba, wasu ba a taɓa neman aurensu ba. Daga Zamfara, daga Kabi, daga ƙetaren iyaka a Nijar. Su ne kuma 'yan kaɗan da suka tsira. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya ce yara 140,000 ne ke kamuwa duk shekara, kuma in babu magani kusan tara cikin goma suna mutuwa, yawancinsu 'yan shekara 2 zuwa 6. Suna mutuwa a ɗakin uwa cikin mako biyu, babu mai rubuta sunan ciwon. Turai ma ta sha fama da shi, ya ɓace da abinci ya wadata, sai ya sake ɓullowa a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane da yunwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa ba na yarda a ɗora wa Kaka ko Inna laifi. Da rumbunmu yana da hatsi, da an yi mata allurar ƙyanda, da wuya labarin ya kai nan. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Na ji a rediyo ina wanke gilasan gwaji, na tsaya da kumfa a hannu har aka gama labarin. Ranar 20 ga Nuwamba kuma, da aka ware wa cutar a ƙasar nan, ba na yarda ta wuce ban shiga gidaje ba.

Ƙanwata tana makaranta yanzu. Kuncinta na hagu ya ɗan fi duhu, bakin ya ɗan karkace in ta yi dariya. Akwai lokacin da ba ta fita sai ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, saboda sunan da yara suka laƙaba mata, wanda ba zan maimaita ba. Yanzu ta rage. Tana cin rake ta ɓangaren dama.

A daminar da ta wuce wata mata ta kawo ɗanta gwajin maleriya. Na sunkuya zan huda masa yatsa, sai numfashinsa ya bugi fuskata. Na ajiye allurar. Na ce, "Baiwar Allah, yaushe bakinsa ya fara haka?" Ta ja mayafi ta rufe masa fuska, ta ce ai ƙyanda ya yi, haka take barin baki. Na ce mata ƙanwata ma haka aka ce, na fito da waya na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta janye mayafin da kanta. Dasashin ya yi ja, yana jini, toka-tokan ta fara kwanciya tsakanin haƙora, amma kunci bai tashi ba. Na riƙe hannunta har ofishin likita. Aka rubuta masa amoksisilin da metronidazol na kwana 14, aka sa shi a shirin masu tamowa, na nuna mata yadda za ta tafasa ruwa ta sa gishiri, ta naɗe tsumma mai tsabta a yatsa tana goge masa baki bayan kowane cin abinci. Ranar da suka dawo, yaron yana bayanta yana gwaguyar gasasshiyar masara. Na ce ta sauke shi. Na buɗe bakinsa na haska, na kuma sa hancina.